Cin abinci bayan tiyatar rage tumbi: daga romo zuwa tuwo

Wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba, a Legas ne ko Abuja, ko kuwa Alƙahira, Istambul ko Indiya inda mutanenmu ke yawan zuwa neman magani, da takardar abinci a hannu ake sallamarsa. Matsalar takardar ita ce rabin abin da ke cikinta babu shi a kasuwarmu, abin da ke tukunyar gidanmu kuma babu shi a cikinta. Ba tuwo, ba fura, ba alala, ba tsire. Sai mutum ya dawo gida ya rasa ta inda zai kama: ko dai ya yi ta zama da yunwa yana shan ruwan shayi, ko kuma ya koma cin da ya saba tun ɗinki bai warke ba. Dukansu biyun suna kai mutum gadon asibiti.

Wannan jagora ce ta yadda za a bi matakan da abincinmu na gida. Idan abin da ke nan ya saɓa da umarnin likitan da ya yi maka aikin, nasa za ka bi, domin shi ya ga cikinka, kuma asibitoci suna ɗan bambanta wajen yawan kwanakin kowane mataki.

Me aka yi wa cikin?

Tumbin babban mutum yana ɗaukar lita 1 zuwa 1.5 na abinci. A aikin da ake kira silif, wanda shi aka fi yi yanzu a duniya, ana yanke kimanin kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbin a fitar da shi, a bar siririn bututu mai ɗaukar mililita 100 zuwa 150. Ɓangaren da aka cire shi ne ke samar da mafi yawan sinadarin girelin mai tayar da yunwa, shi ya sa a watannin farko mutum kan wuni bai ji marmarin abinci ba. A aikin baifas kuwa, wanda wani likitan Amurka, Edward Mason, ya fara a Jami'ar Iowa a 1966, ana ware 'yar jaka ce a saman tumbi mai ɗaukar kimanin mililita 30, wato cokali biyu na cin abinci, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji. Abinci ya daina bi ta sauran tumbin da farkon hanji, kuma a nan ne jiki ke tsotsar yawancin sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi.

Ka san wanne aka yi maka. Yawancin dokokin ɗaya ne, amma mai baifas ya fi shan wuya da zaƙi da ƙarancin jini, mai silif kuma ya fi fama da ƙwannafi.

Akwai ɗabi'u uku da muka tashi da su waɗanda sabon tumbi ba ya ɗauka, kuma a ganina su ne ainihin aikin da ke gabanka, fiye da jerin abin da aka hana. Muna haɗiye lomar tuwo ba tare da tauna ba. Muna kora abinci da ruwa. Muna ajiye nama gefe sai mun gama da tuwo ko shinkafa. Dole duka ukun su juya, kuma matakan da ke tafe lokaci ne na koyon hakan.

Mataki na 1: ruwa-ruwa, kimanin makonni 2

Kwana ɗaya ko biyu na farko a asibiti, ruwa ne zalla da romo tatacce. Daga nan sai abin sha mai ɗan jiki, da sharaɗin ya bi ta rariya ba tare da ya bar komai a kai ba. Tumbin yana kumbure, layin ɗinkin ɗanye ne, ƙaramin gudaji ma zai iya tsayawa ya jawo amai.

Babban aikinka a nan shi ne ruwa: lita 1.5 zuwa 2 a wuni, wato ledar fiya wata 3 zuwa 4. A baki kamar wasa, amma ga wanda ba ya iya shan fiye da kurɓi biyu a lokaci ɗaya, aiki ne na wuni guda. Ka juye ruwan a gora, ka ajiye ta kusa da kai, ka riƙa kurɓa duk bayan 'yan mintuna tun daga farkawa har kwanciya. Kada ka jira ƙishirwa, domin idan ta zo ba ka da damar ɗaga kofi ka shanye kamar da. Kada ka tsotsa ta bakin leda ko ta tsinken shan lemo, iska ce za ta bi ta cika maka ciki. Wasu ruwan sanyi ke murɗa musu ciki, wasu na ɗumi, sai ka gwada ka ga wanda ya karɓe ka.

Bushewar jiki na cikin manyan dalilan da ke mayar da mutane asibiti a makonnin farko, a ƙasashe masu sanyi ma, balle wanda ya dawo Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Idan kana da zaɓin lokacin aikin, kauce wa bazara. Ma'auninka fitsari ne: idan ya yi ja ya yi kaɗan, ga jiri idan ka miƙe, ga bushewar baki, ka yi baya a shan ruwa. Idan ka kasa riƙe ko ruwa na tsawon wuni, kada ka kwana a gida, ƙarin ruwa kake bukata.

Abin da za ka sha ban da ruwa: romon kaza ko kifi da aka kwashe man da ya taso, ba attaruhu, ba yaji, madara marar sukari, kindirmo mai ruwa-ruwa, madarar waken suya da aka dafa sosai aka tace, da garin furotin, wato sinadarin gina jiki, idan likita ya rubuta kuma aljihu ya ba da dama. Idan bai ba da dama ba, garin madara marar kitse yana rufa asiri: giram 100 nasa na ɗauke da furotin kusan giram 35, sai ka riƙa zuba cokali biyu a kofin madara ko a kunu. Ka duba bayan gwangwani ko leda, domin wasu madarar garin man itace aka cika su da shi, furotin ɗinsu kaɗan ne.

Kunu da koko suna shiga, tsararo kuma ba sukari. Amma kada a mai da su abincin wuni, don kusan sitaci ne zalla. Romo ma, duk da sunan da ya yi a wajen masu jinya, furotin ɗinsa bai taka kara ya karya ba, amfaninsa ruwa ne da gishiri. Nonon kasuwa a haƙura da shi tukuna, ba a san tsaftarsa ba kuma gudawa a wannan lokacin masifa ce. A kafa kindirmo a gida da tafasasshen ruwa da garin madara. Yogot na kanti yawancinsa cike yake da sukari. Idan madara ta fara sa ka kumburi da zawo bayan aikin, abin da kan faru musamman ga masu baifas, kindirmo ya fi sauƙi a ciki.

Lemon kwalba da duk wani abu mai gas, babu. Zoɓo da kunun tsamiya ma a jinkirta, tsaminsu na tayar da ƙwannafi.

Mataki na 2: markaɗaɗɗe, mako na 3 da na 4

Yanzu abinci zai yi kaurin da zai zauna a cokali amma ba sai an tauna shi ba. Bilenda ce abokiyar aiki, in babu wuta turmi da rariya sun isa. Ana farawa da cokali 2 zuwa 4 na cin abinci a zama ɗaya, sau 4 zuwa 6 a wuni. Da ƙaramin cokalin shayi za ka ci.

Nan kicin ɗinmu ya fi takardar asibiti arziki. Wake da aka surfe aka cire bawo, aka dafa shi lugub aka dame. Alala mai laushi da ɗan mai kaɗan, a murƙushe ta da romo. Kifi dafaffe da aka tsince ƙayarsa tsaf aka markaɗa a miya. Awara dafaffiya cikin romo, ba soyayya ba. Ƙwai da aka kaɗa aka dafa sama-sama bai bushe ba. Kabewa da karas a dafa a haɗa da ɗayan waɗannan. Kaza ma tana markaɗuwa idan an zuba mata isasshen romo.

A wannan matakin ne dokar raba ci da sha ta fara, kuma ba ta da ranar ƙarewa: ka daina shan ruwa kamar minti 30 kafin abinci, kada ka sha kana ci, sai bayan minti 30 da gamawa. Dalili biyu ne. Ruwa zai cinye ɗan wurin da abinci zai zauna, ko kuma ya wanke abincin ya tura shi hanji da wuri, yunwa ta dawo, ka sake ci. Ka ce a daina ajiye maka kofin ruwa a gefen kwano, hannu ya riga ya saba.

Sannan ka koyi sabuwar ƙoshi, don ba irin ta da ba ce. Ba za ka ji ciki ya cika ba. Ɗan nauyi za ka ji a ƙahon zuci, ko shaƙuwa, ko gyatsa, wasu ma hancinsu ne ke fara zuba ko su yi atishawa. Da ka ji haka, ajiye cokalin, ko da saura cokali ɗaya a kwano. Wannan cokalin na ƙarshe shi ke dawo da duk abin da ka ci.

Kusan mako na 3 sikeli kan tsaya cak na kwanaki. Jiki ne ke daidaita ruwansa. Kada ka rage ɗan abin da kake ci saboda haka.

Mataki na 3: mai laushi, mako na 5 zuwa na 8

Duk abin da bayan cokali zai iya murƙushewa. Farfesun kifi, niƙaƙƙen nama a miya, kazar da ta dahu har tana rabuwa da ƙashi, dafaffen ƙwai, faten wake, alayyahu da aka yanka ƙanana aka dafa sosai, gwanda, ayaba nunanniya. Ka ƙara sabon abu ɗaya kawai a lokaci guda, don idan ciki ya ƙi ka san mai laifi. Abin da ya ƙi yau, ka ba shi mako biyu ka sake gwadawa, sau da yawa yakan karɓa daga baya.

Mataki na 4: komawa kwanon gida

Tsakanin mako na 6 da na 8, gwargwadon yadda ciki ya karɓi mai laushi, ake fara komawa abinci sosai, kuma a nan mutane suka fi zamewa.

Ɗauki tuwo da miyar kuka. Yadda muka saba, a gutsuro loma, a mulmula, a dangwali miya, a jefa, santsin miyar ya wuce da ita. Haƙori bai taɓa ta ba. A tsohon tumbi babu damuwa, yana da fili da ƙarfin niƙa. A sabon kuwa, wannan lomar za ta je ta tsaya a ƙofa, ka ji kamar an danna maka dutse a ƙirji, miyau mai yauƙi ya cika baki, ka yi ta kai-kawo har sai ta wuce ko ta dawo. Idan hakan ta faru kada ka kora da ruwa, ƙara dagula abin zai yi. Tashi ka ɗan zaga. Idan ka yi amai, koma ruwa-ruwa na wuni guda cikin ya huta.

Saboda haka tuwo, sakwara, teba, ɗanwake, burodi mai laushi, shinkafa, taliya da indomi su ne na ƙarshen dawowa. Mutane da yawa sai bayan wata 3 zuwa 6 suke iya su. Suna cuɗewa su zama ƙullu, kuma suna cika wuri ba tare da sun ba jiki abin da yake nema ba. Ranar da za ka dawo wa tuwo, a tuƙa shi da laushi, lomar kada ta wuce girman kan babban yatsa, kuma a tauna ta. Na san tauna tuwo abin dariya ne a wajenmu, yara ma za su kalle ka. Ka tauna. Kowace loma sau 20 zuwa 30, har ta zama ruwa a baki, ka sauke hannu tsakanin loma da loma. Zaman cin abinci ya ɗauki minti 20 zuwa 30, in lokacin ya cika a ɗauke kwanon, ko an cinye ko ba a cinye ba.

Tsarin kwano kuma ya juya. Nama, kifi, ƙwai ko wake su ne farko. Ganye da kayan lambu su biyo. Tuwo ko shinkafa loma biyu uku a ƙarshe, idan da sauran wuri. Wanda ya fara da tuwo ya ƙoshi kafin ya kai ga nama, kuma idan ya yi wata yana haka tsokar jikinsa ce za ta narke tare da kitsen. Ka ci a ƙaramin faranti irin na ɗora kofin shayi. A wata na 3 yawancin mutane rabin kofi suke ci a zama, bayan shekara ya kai kamar kofi ɗaya.

Cin tarayya a tire ɗaya, duk da albarkarsa, ba ya yi maka yanzu. Ba za ka san yawan abin da ka ci ba, kuma hannunka zai bi saurin na sauran. Ka zauna tare da iyali, amma da naka kwanon.

Busasshen nama shi ne ɗaya abin da ke maƙalewa: tsire, balangu, kilishi, soyayyen naman layya, ƙirjin kazar da ta bushe, ganda da jijiya. Dambun nama ma, da yake a bushe yake, sai an jiƙa shi da miya. Naman da ya sha ruwa ya dahu shi ne naka. Haka abubuwa masu zare ko ɓawo mai tauri: rake, mangwaro mai zare, farin ɓawon cikin lemon zaƙi, masara gasassa, aya, goruba. Zaren na iya taruwa ya dunƙule a ciki. A jinkirta su, idan an dawo musu kuma a tsotse a tofar da tuƙar.

Lissafin furotin

Ana bukatar aƙalla giram 60 zuwa 80 a wuni. Ƙwai ɗaya yana ba da kusan giram 6. Kofin madara na mililita 250, giram 8. Rabin kofin dafaffen wake, 7 zuwa 8. Kifi ko kaza dafaffe mai faɗin tafin hannu ban da yatsu, giram 20 zuwa 25, sai dai a watannin farko da wuya ka cinye wannan a zama ɗaya.

Ga yadda wuni zai iya kasancewa a wata na 3. Da safe dafaffen ƙwai ɗaya da 'yar alala. Da hantsi kofin madara da aka ƙara wa cokali biyu na gari. Da rana farfesun kifi da ɗan alayyahu. Bayan la'asar rabin kofin kindirmo. Da dare kaza a miyar taushe, sai loma biyu na tuwo in ya shiga. Wannan ya kai ka wajen giram 60, tsakani kuma ana ta kurɓar ruwa. Idan gashi ya fara zuba tsakanin wata na 3 da na 6, kada hankali ya tashi, saurin rama ne ke jawo shi kuma yakan dawo. Ƙarancin furotin da sinadarin ƙarfe ne ke sa ya daɗe.

Zaƙi, da abin da ke wucewa salin-alin

Akwai abin da likitoci ke kira damfin, wato abinci mai sukari ko maiƙo ya zube cikin hanji da gaggawa. Minti 10 zuwa 30 bayan ci sai zuciya ta hau bugawa, gumi ya karyo, ciki ya murɗa, ga tashin zuciya, ga zawo. Ka kwanta na rabin awa, zai wuce. Akwai na biyu da ke zuwa bayan awa 1 zuwa 3: jiki ya saki insulin, sinadarin da ke rage sukarin jini, da yawa, sukarin jini ya faɗi, ka ji rawar jiki, jiri da ruɗewa. A nan ɗan zaƙi kaɗan ake sha, kamar rabin kofin ruwan lemon zaƙi, sannan a bi shi da ƙwai ko kindirmo don kada ya sake faɗuwa. Idan yana maimaituwa ka gaya wa likita. Masu baifas ya fi kamawa, amma masu silif ma ba su tsira ba.

Wanda damfin ke kamawa, a ganina, ya fi wanda ba ya kamawa sa'a, don jikinsa na tsawata masa. Ɗayan kuwa zai gano cewa ko da tsire ya ƙi shiga, fura da nono mai sukari tana wucewa ba gardama. Haka shayi mai kauri na mai shayi, kunun aya da dabino, kunun gyaɗa, malt, askirim, cincin, biskit, alawar madara. Tiyata ta rage wurin abinci mai tauri ne, ba ta da iko a kan abin da ke narkewa. Yawancin mutane suna sauke kashi 25 zuwa 35 cikin 100 na nauyinsu a cikin wata 12 zuwa 18, kuma waɗanda ƙibar ke dawo wa bayan shekara biyu, sau da yawa ta wannan hanyar ce, tare da ɗan tsakure-tsakure duk wuni. Zuma da mazarƙwaila ma sukari ne, komai sunan da suka yi na lafiya. In za ka sha fura, rabin dunƙule a kindirmo mai yawa, ba sukari, kuma ka ƙirga ta a matsayin abinci. Masa, ƙosai, fanke da sauran soye-soye su zama na ɗanɗano jefi-jefi.

Bitamin: wannan na har abada ne

Mutum zai rame, ya ji daɗin jikinsa, sai ya ga sayen bitamin asarar kuɗi ce. Illar dainawa ba ta bayyana sai bayan watanni ko shekaru, kuma wadda ta taɓa jijiya ba lallai ta warke ba. Abin da aka saba rubutawa shi ne haɗaɗɗen bitamin kullum, kalsiyam miligiram 1,200 zuwa 1,500 a wuni, a raba shi kashi biyu ko uku, kuma nau'in sitiret ya fi don ba ya bukatar tsamin tumbi, bitamin D, bitamin B12, ko na sha kullum ko allura duk wata 3, da sinadarin ƙarfe, wanda mata masu al'ada da masu baifas ke bukatar miligiram 45 zuwa 60 nasa a wuni.

Kada ka haɗa kalsiyam da na ƙarfe a lokaci ɗaya, ka raba su da awa 2. Shayi da madara ma suna hana na ƙarfen shiga jiki, don haka kada ka kora shi da su. Idan ya sa maka taurin bayan gida, abin da dama yakan zo saboda ƙarancin ci, ƙara ruwa, ka ci gwanda da miyar kuɓewa, ka yi tafiya. Hanta sau ɗaya a mako tana taimakawa, amma ba ta maye gurbin ƙwaya.

Bitamin B1 na bukatar kulawa ta daban. Ajiyarsa a jiki ba ta wuce ta makonni 2 zuwa 3 ba. Wanda ya yi kwanaki yana amai, sai ya fara ruɗewa, ko gani biyu-biyu, ko tangaɗi, ko ƙafafu su yi masa nauyi, a kai shi asibiti nan take, a kuma gaya musu an yi masa aikin tumbi, domin a ba shi B1 kafin a ɗaura masa ruwa mai sukari.

Maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, da haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla wa mutane a leda a kemis ba suna, suna iya huda gyambo a sabon tumbi, musamman na baifas. Farasitamol ne naka, sai abin da likita ya rubuta. Jiƙe-jiƙe, tsimi da shayin rage teɓa a ajiye su. Taba da shisha suna hana ɗinki warkewa, suna jawo gyambo. Giya kuwa tana kama mai sabon tumbi da sauri ƙwarai. Goro da gahawa a jinkirta wata ɗaya aƙalla. Mai ciwon suga ko hawan jini kada ya ci gaba da shan maganinsa a tsohon ma'auni ba tare da an duba ba, domin bukatarsa na raguwa tun kwanakin farko.

Mutane, biki da azumi

A wajenmu ƙin cin abincin mutum kusan raini ne, rama kuma alamar ciwo ce ko damuwa. Za ka sha jin "ci mana", "wannan ai ba ci ba ne", "ko dai ba ka da lafiya ne?" Ba dole ka ba kowa labarin tiyata ba. "Alhamdu lillahi na ƙoshi, likita ne ya ƙayyade mini" ta wadatar, ko "Hajiya, a zuba mini in tafi da shi". Wanda dole ya san komai shi ne mai dafa maka abinci da iyayen da za su tayar da hankali idan suka ga kana cin cokali uku. Ka zaunar da su tun farko. A wajen biki ɗauki naman da ke kan shinkafar ka bar shinkafar, ka riƙe gorar ruwa a hannu don kada a miƙo maka lemo.

Azumin Ramadan na farko bayan aiki, yawancin likitoci suna cewa a sha idan bai kai wata 6 zuwa 12 ba, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwame ya rama daga baya. Dalilin a fili yake: wanda ke bukatar wuni guda ya sha lita 2, ba zai iya cusa ta da abinci tsakanin magariba da asuba ba. Idan likita ya yarda ka ɗauka, ka buɗe baki da kurɓin ruwa da dabino ɗaya, ka yi sallah, sannan ka ci furotin kaɗan. Ƙosai da kunu mai sukari a ciki wayam hanya ce ta damfin. Ka raba abincin gida uku zuwa sahur, ka jinkirta sahur ɗin, ka sha bitamin ɗinka cikin dare. In jiri ko rawar jiki ya kama ka da rana, karya azumin.

Ke kuma 'yar'uwa, ki sani haihuwa kan buɗe bayan an rame, har ga wadda ta daɗe tana nema. Ana so ki jira wata 12 zuwa 18 kafin ki ɗauki ciki, lokacin da nauyi ya tsaya kuma jini ya daidaita. Idan baifas aka yi miki, ƙwayar tsarin iyali ta sha ba lallai ta shiga jiki yadda ya kamata ba, ki nemi wata hanyar. Idan cikin ya samu, ki faɗa musu a wajen awo tun ranar farko, domin ruwan sukarin da ake bayarwa don gwajin ciwon suga na masu ciki zai iya jefa ki cikin damfin, akwai wata hanyar gwajin.

Lokacin da ba a jira gari ya waye

A makonnin farko, bugun zuciya sama da 120 a minti, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani, ciwo a kafaɗar hagu ko numfashi sama-sama na iya nufin ɗinki yana yoyo. Kumburi da ciwo a sha-raɓa ɗaya na iya zama gudan jini. Aman jini, ko baƙin bayan gida mai kama da kwalta, jini ne ke zuba a ciki. Daga baya kuma, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan cin maiƙo alama ce ta tsakuwar matsarmama, wadda saurin rama ke haifarwa, shi ya sa wasu likitoci ke ba da maganin kariya na wata 6.

Idan a waje aka yi maka aikin, kada ka baro asibitin sai da rahoton tiyatar a rubuce da Turanci, da sunan irin aikin, da jerin magunguna da ma'auninsu. Da ka dawo, tun kana lafiya, ka kai takardun ga likitan tiyata da sashen masana abinci na asibitin koyarwa mafi kusa da kai, su buɗe maka fayil. Gwajin jini ana yin sa a wata na 3, na 6 da na 12, daga nan sau ɗaya duk shekara: yawan jini, ajiyar sinadarin ƙarfe, B12, folik asid, bitamin D, kalsiyam, da aikin hanta da ƙoda. Ka ɗauki hoton rahoton tiyatar a wayarka, ka tura wa mutum ɗaya a gida wanda zai iya nuna shi idan an kai ka asibiti ba ka iya magana.